Shahdad a Katangar Siton Shinkafa

Lyari, Karachi
Bayan Babbar Salla

Zuwa ga yayana, Lala Dostain,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka a kan tudu, ba a tsakiyar teku ba. Yaya aiki, yaya ciwon bayan? Mu nan lafiya lau. Matarka, Bhabi Noorjan, hawan jininta ya ɗan sauka tunda likita ya hana ta gishiri, sai dai da na juya baya take barbaɗa abinta. Ni kuma ido ne, yanzu zare ma sai na kira 'yata Durnaz ta zura mini a allura. Alewar da ka aiko ta iso, kuma ta riga ta zama tarihi.

Da kana ɗaukar waya da ban wahalar da idona ba. Amma na san tun ranar da ta kawo maka labarin rasuwar ɗanka ba ka ƙara son jin ƙararta ba, don haka ga takarda.

Maganar Durnaz ce. Ka san tana kwalejin zane. Ka kuma san doguwar katangar siton shinkafar Seth Razzaq da ke kwanar layinmu, inda harsashin 'yan daba ya samu ɗanka Shahdad yana dawowa daga ƙwallo. Unguwa ta yi sanyi yanzu, 'yan daban sun watse, amma ba mai ambaton wurin. To da hutun salla, sito a rufe, sai ta ari tsani, ta kwaso gwangwanayen fenti na fesawa, ita da ƙawayenta, da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Suka kankare tallan mai maganin basir da na bokan nan mai dawo da masoyi, suka wanke jan tofin masu tauna ganyen pan, mai rina baki kamar goro. Sannan ta zana Shahdad a inda ya faɗi. Lala, shi ne sak, har rigar nan ruwan ɗorawa da ke jikinsa ran nan. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya. Mata har kuka suke yi.

Da aka buɗe sito Seth ya gani, ya aiko a kira ta. Na bi ta.

Ya ce, "Yarinya, wa ya ba ki katangata?"

Ta ce, "Seth Sahib, mai maganin basir ya nemi izini ne?"

Na mintsine ta. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai basir, in na ga dama gobe in shafe shi, ba mai cewa uffan. Wannan kuwa in na taɓa, unguwa ta ce Razzaq ya goge yaron da ya mutu. Kin ɗaure mini hannu a kan abina."

Washegari ɗan sanda ya zo ya kwashe gwangwanayen. Aka ce in Seth ya shigar da ƙara, kwaleji za ta sallame ta. Dattawan layi suka shiga tsakani, aka tsaya a kan haka: ba ƙara, amma maganar uban yaro za a bi. In ka ce a bari, Seth zai haƙura. In ka ce a goge, Durnaz ce za ta goge da hannunta. Na ba su alkawarin zan karanta musu amsarka ko me ta ƙunsa, kafin Muharram ya fita.

Bhabi ba ta gani ba. Ka san ba ta bin kwanar, ta bayan masallaci take zagayawa kasuwa.

Ka amsa da wuri, don Allah.

Ƙanwarka,
Mahganj


Salalah, Oman
Farkon Muharram

Zuwa ga ƙanwata Mahganj,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a ofishin wakilin jirgi ranar da muka sauke kifi. Ina lafiya. Bayan yana nan yadda kika san shi, in na daɗe a sunkuye kan inji sai na dafa wani abu kafin in miƙe. Ki ce wa Noorjan labarin gishiri ya ƙetaro teku. Ke kuma ki je a gwada miki tabarau, ki daina taurin kai.

Maganar da kika kawo na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Mahganj, ke da na sani da hankali, kina tsaye aka yi wannan? Ni ban ga ɗana ran nan ba, ina teku aka binne shi. Abin da Allah ya ɓoye wa idona, shi Durnaz ta shimfiɗa a bakin titi, mai keke da mai amalanken jaki suna kallo? Kin ce mata na kuka. Me zai hana su kuka?

Ko kin manta abin da rubutun bango yake nufi a unguwarmu? Mu wayi gari mu ga sunan wannan daba a katanga, gobe an shafe an sa na waccan, mu san yau ba mai fita sayen burodi. Duk masifar da ta same mu a bango aka fara rubuta ta. Nan inda nake katanga fara ce fat daga tashar jirgi har masallaci, ba mai ɗiga mata komai, kuma mutane na barci da ido biyu a rufe. Ban san abin da ake koya musu a kwalejin ba, amma a wurina abin da aka yi a dukiyar mutum ba da yardarsa ba ɓarna ne, ko da ruwan zinariya aka shafa. Seth Razzaq ba mutumina ba ne, shinkafarsa ma tsakuwa ta yi mata yawa, amma a nan ya fi ku gaskiya.

A goge. Ki karanta wa dattawa wannan layin yadda na rubuta shi. Kuma kada a bari Noorjan ta gani.

Durnaz 'yata ce, fushina bai kai zuci ba. Ki ce mata ta riƙe karatunta, ta yi zanenta a takarda.

Yayanki,
Dostain


Lyari
Ƙarshen Muharram

Lala,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da jin kana lafiya. Tabarau na yi, yanzu ina ganin duk ƙurar da Durnaz ke cewa ta share. Ita tana fama da mura. Bhabi kuwa jinin ya sake hawa.

"Kada Noorjan ta gani" ya zo a makare. Tsakanin takardata da taka an yi biki a bayan masallaci, aka kafa rumfa ta toshe hanya, dole ta bi ta kwanar. Mai shayin da ke kallon sito ya ce mini ta tsaya da kwandon albasa a hannu har ya ji tsoro ya kawo mata kujera. Da ta dawo gida ba ta yi kuka ba. Ta kalli Durnaz ta ce, "Kunnensa na hagu kin ƙara masa girma." Shi ke nan abin da ta ce.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta ɗauki 'yar kujerarta da faranti, ta je gefen mai shayi ta zauna tana tsintar wake tana fuskantar katangar. Matar da sai na yi da gaske take cin loma uku, Lala, ta fara neman ƙari. Na so in rubuto maka, na ce bari in jira amsarka tukuna, don ban taɓa zaton abin da za ta ƙunsa ke nan ba.

Na yi tunanin ɓoye takardar, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na riga na ba dattawa alkawari. Na fara karanta wa Bhabi a ɗaki. Ta ce, "Ubansa ne. In ya ce a goge, a goge."

Ranar Asabar da hantsi Durnaz ta ɗauki bokitin farar ƙasa da buroshi. Layi ya cika. Ta fara daga ƙwallon, ta sauko kan rigar, ta bar fuskar a ƙarshe. Nan hannunta ya tsaya. Mai gadin sito ya ce, "Kawo in ƙarasa miki, 'yata." Ta ce, "A'a, Baba, ni aka ce." Ta ƙarasa. Seth yana bakin ƙofarsa, kansa a ƙasa, bai ko kalli wajen ba.

Farar katangar da kake so mun same ta, amma ba ta kai Juma'a ba. Mai basir ya dawo, wannan karon har da lambar waya biyu. Wata jam'iyya ta rubuta sunan shugabanta da "ya daɗe" da baƙin fenti, wata ta zo ta ƙara "a kurkuku" a ƙasa. Waɗannan ba wanda ya kira musu ɗan sanda. Nan ba Salalah ba ce, Lala. Katangarmu ba ta zama fara, sai dai a zaɓi abin da zai hau kanta, kai kuma ka zaɓa.

Bhabi ta koma zagayawa ta bayan masallaci. Na ce ko tana da saƙo gare ka, ta ce a gaishe ka.

Ga hoton zanen da ƙawar Durnaz ta ɗauka kafin a shafe, na sa an wanke. Ba don in ƙona maka rai na sa shi ba. Na ga dai bai kamata a ce kowa a Lyari ya gani ban da kai ba.

Mahganj


Lyari
Ƙarshen Safar

Lala,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sanyi ya fara shigowa. Wata guda ke nan ba mu ji daga gare ka ba. In maganar da na yi ta zaɓi ce ta ɓata maka rai, bakina ne, ka san shi tun muna yara. In hoton ne, ka yaga shi, ba zan ƙara tayar da zancen ba. An yi abin da ka ce, me kuma ya rage? Ka rubuto ko layi ɗaya ne, don Bhabi ta fara tambayar masu dawowa daga Oman ko an ji labarin wani jirgi.

Mahganj


Salalah
Rabi'ul Awwal

Mahganj,

Wa alaikumus salam. Ina raye, ina lafiya, ki fara gaya wa Noorjan wannan. Ba fushi ba ne. Mun yi nisa ne, injin ya ba mu wahala a hanyar dawowa, sai jiya na tarar da takardunki biyu tare.

Hoton na fara gani, don shi ya faɗo da na buɗe ambulan. Mahganj, a sama yake! Ƙafafunsa biyu ba sa taɓa ƙasa, ya tashi zai sa wa ƙwallo kai, bakinsa a buɗe yadda yake yi in zai yi ihu. Na zauna a kan buhun raga a bakin ofishin, har wani Bangali abokin aikina ya zo yana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Na ɗauko takardarki ta farko na duba. Kin rubuta "a inda ya faɗi." Idona ya ga "inda," zuciyata ta ji "yadda." Kika ce rigar da ke jikinsa ran nan, kika ce mata na kuka. Ni duk zatona a kwance ta zana shi, a ƙasa, cikin jini, don ni haka nake ganinsa tun da aka gaya mini. Ban taɓa kawowa akwai wanda ya tuna shi a tsaye ba. A kan wannan na ce a goge, kuma na sa yarinya ta goge da hannunta.

Har yanzu ina nan a kan cewa da ta fara tambayar mai katanga. Wannan ban janye ba. Amma sauran duka na janye, in janyewa na da amfani bayan farar ƙasa ta bushe.

Ban san abin da zan ce wa Noorjan ba. Na fara rubuta mata sau da dama ina yagawa. Ki karanta mata wannan, ki gaya mini abin da ta ce, kada ki gyara. Durnaz kuma, kunnen bai yi girma ba. Haka yake, irin nawa ne.

Dostain


Lyari
Ƙarshen Rabi'ul Awwal

Lala,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da ka sauka lafiya. Mu ma lafiya, murar Durnaz ta tafi, ta bar mini tari.

Ka ce kada in gyara, to ga shi. Na karanta wa Bhabi har ƙarshe. Ta ce, "Mutum ya iya kwance injin jirgi ya mayar, layi ɗaya na takarda ya gagare shi." Sai ta tashi ta ɗauki mayafinta na zuwa biki. Na ce ina zuwa? Ta ce, "Wurin mai katanga. Ai yayanki ya ce a tambaya."

Na bi ta da sauri, takalmina ma wari da wari. Ta bi ta kwanar, ta shiga siton kai tsaye, ta wuce masu dako har teburin Seth. Ya miƙe tsaye, ya sa aka kawo shayi.

Ta ce, "Seth Sahib, ni ce uwar yaron. Aron katangarka na zo."

Ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, "'Yar'uwa, tun zamanin mahaifina ake rubutu a katangar nan. Ke ce ta farko da ta shigo ta ƙofa ta tambaya." Sai ya gaya mana abin da bai faɗa a gaban dattawa ba. Ashe tun zanen yana nan wasu 'yan jam'iyya suka zo masa, wai tunda ya yarda da fuska ɗaya, su ma suna da mamacinsu da za a zana a gefe. Ya ce, "In na buɗe wannan ƙofar, gobe ragowar 'yan daba su kawo nasu gwarzon, wataƙila ma wanda ya harba bindigar. Da wane baki zan hana? Fuska da suna, ba zan iya ba. Ki yafe ni."

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara gyara mayafi. Bhabi ta ce, "To a juya masa baya. Yaro ne da ƙwallo, ba fuska, ba suna. Wanda ya san shi ya san shi."

Seth ya kalle ta, ya kalle ni. Ya ce, "Fentin ni zan saya. Amma a gaya wa yarinyar nan ta daina yi wa manya baƙar magana."

Kada ka ɗauka Durnaz ta yi tsalle. Cewa ta yi an zauna ana cinikin zanenta kamar buhun shinkafa, wai zanen titi in aka nemi izini ya zama allon talla. Na ce mata, "Allon tallan ne zai sa matar kawunki ta ci abinci, sauran bayanin ki kai wa malamanku." Ta kwana biyu tana kumbura, sannan na ga ta baje takardu a tsakar gida.

Ga inda muka maƙale. Duk hotunan Shahdad da ke gidan nan kyamara yake kallo, ba ko ɗaya ta baya. Abin da ta zana duka, Bhabi na gani sai ta ce, "Wannan ɗan wasu ne." In aka ce ta faɗi inda za a gyara, ta ce ita in ta gani za ta gane, amma faɗa ba za ta iya ba. Jiya ta ce, "Ku tambayi ubansa. Shi ke bin sa fili yana riƙe masa gorar ruwa, yaron na gaba shi yana baya."

Durnaz ba za ta rubuto maka da kanta ba, har yanzu da sauran fushi. Amma tana tsaye a kaina yanzu haka tana duba ko na rubuta daidai.

Mahganj


Salalah
Rabi'us Sani

Zuwa ga 'yata Durnaz, ta hannun mahaifiyarta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da ke da masu gidan duka. Ki ba mahaifiyarki zuma da citta saboda tarin. Ni lafiya lau.

Na sa ki yi abu mai wuya a gaban mutane, kuma kika yi ba ki ba wani buroshin ba. Ki yafe wa kawunki, Nakonki kamar yadda kike kirana. Ban iya zane ba, amma ga abin da na sani.

Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, saboda jakar makaranta da ya ƙi ratayawa a kafaɗa biyu. Wuyansa siriri ne dogo, akwai ɗan kwarmi a tsakiyar ƙeya, gashin wurin kuma ba ya kwanciya ko an shafa mai. Kunnuwan ta baya sun fi fitowa, kada ki ji tsoronsu. Rigar ta yi masa yawa, don na saye ta da niyyar ya girma a ciki, saboda haka iska na cika ta in yana gudu, gefe ɗaya a cikin wando, ɗaya a waje. Safar hagu kullum a zube take a idon sawu. Na yi faɗa har na gaji. A bayan gwiwar dama akwai tabon da kwanon rufi ya yanke shi. Ba ya taka dunduniya, a kan yatsu yake gudu, kai a gaba, gwiwar hannu a buɗe kamar zai ture mutane. Ƙwallon kada ki manna masa a ƙafa. Tura ta yake yi gaba sosai sannan ya bi ta, kocinsu har ya gaji da magana.

Na nemi hutu, an ce in mun dawo daga fita ta gaba. Kada ki jira ni, ki fara. Na fi so in sauka daga mota in shigo kwanar da ƙafata in same shi. Ki ce wa Noorjan ta nemi kujera ta biyu a wurin mai shayi, in za ta yarda in zauna kusa da ita.

Abu na ƙarshe. Katangar doguwa ce, kada ki sa shi a tsakiya. Ki sa shi daga farkonta, ki bar masa fili mai yawa a gaba. Yaron nan bai taɓa son a tare masa hanya ba.

Nakonki,
Dostain